Abin Da Ke Ƙarƙashin Kaki

Shafi na 17

Masu damuna da saƙo tun da sassafe wai na bar ku a rataye, to ga shi nan. Ke kuma da kika rubuto min cewa Lirwanu munafuki ne, karanta wannan tukuna sannan ki yanke masa hukunci.

*

Lirwanu na durƙushe a bayan baƙar motar, gwangwanin kaki a buɗe gabansa. Ya dangwalo da soso ke nan zai shafa, ya ji mashin ya tsaya a bayansa. Bai ko waiga ba, don wurin wankin motarsa a bakin titin Gummi yake, kowa da tsayawarsa.

"Aje gwangwanin ga, Lirwanu."

Muryar yayarsa Hajara ce, matar mai motar.

Ya miƙe yana goge hannu a wando, yana murmushin da bai kai ciki ba.

"Yaya? Lahiya dai? Ke da kanki cikin wagga rana?"

"Lahiya lau. Ina maigidan?"

"Ya shiga kasuwa. Ya ce in gama kahin ya dawo."

"Madalla."

Ni dai ban ga abin madalla a nan ba. Wata biyar ke nan Malam Halilu, mijin Hajara, yana kawo motar nan duk bayan sati biyu, Lirwanu yana cika ta da baƙin kaki. Duk garin an ɗauka son ƙyalli ne. Ba ƙyalli ba ne. Bayan motar ne ya sha ƙarzuwa, kakin kuma yana shiga cikin zanen ya cike shi, ya ɓoye shi ɗif har rana ta narkar da shi. Malam Halilu ya gaya wa matarsa buhunan gero yake ɗaukowa daga Nasarawa Burkullu. Lirwanu kaɗai ya san buhunan dutsen zinari ne daga Sunke, irin dutsen da ƙurarsa ta kashe musu ɗan fari a 'Yargalma shekarar gubar dalma, irin wanda Halilu ya dafa Alƙur'ani ya ce shi da shi har abada.

Hajara ta zuge jakarta ta makaranta, ta ciro wata farar kwalbar roba ta miƙa masa.

"Ka san wanga?"

Ya sani mana. Sana'arsa ce. Amma ya juya kwalbar yana wani ƙanƙance ido kamar rubutun Sinanci ne a jiki.

"Silant aka ce mashi," in ji ta. "Sakkwato nis sawo shi jiya, da munka tahi bitar malamai. Mai shagon ya ce in anka shahwa shi sau guda, wata shidda ba a sake waiwayar mota. Rana ba ta narka shi, ruwan damina ba ya wanke shi. Shi kau kakinka, sati biyu ya bi iska."

"Haka ne, amma..."

"Na gaji, Lirwanu. Duk bayan sati biyu mota tana wuni nan, ni da ɗiyata Sa'adatu muna bin kabu-kabu zuwa makaranta, ga mota ga gida. Shahwa mata wanga mu huta."

Lirwanu ya sake juya kwalbar. Sai ya buɗe baki ya shiga zuba ilmi.

"Yaya, kowane da aikinai. Baƙar mota kaki taka so. Shi ka ba ta ƙyallin nan mai zurhi, ki gan ta awa an tsamo ta cikin ruwa. Shi silant ƙarhi gare shi, ban musa ba, amma ƙyallinai sama-sama na. Kuma ruwa na garai-garai, ba ya gyara komi. Yadda ya iske henti haka zai kulle shi."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ko ni na shaida. Sai dai gaskiyar ba don Allah ya faɗe ta ba.

Hajara ta dube shi sheƙeƙe.

"Ƙyalli nika ci?"

"A'a, amma Malam ya hi son..."

"Malam ba shi ka tsayawa bakin hanya jiran mashin ba. Ni ka tsayawa."

Can wata dabara ta faɗo masa, har ya ji sanyi a ransa.

"To shi ke nan. Kawo in shahwa mata kaki ƙasa, in ɗora silant ɗin bisa. Kin ga an haɗa biyu ke nan, ga kyau ga ƙarhi."

"Ba ya kamawa."

"Na'am?"

"Ba ya kamawa bisa kaki. Mai shagon ya hwaɗa min har sau biyu, yac ce kar in bari wani mai wanki ya yi min wayo don ƙiwuya. Sai an wanke tsohon kaki tas, henti ya hito tsirara, sannan a shahwa." Ta sake tura hannu a jaka ta ciro robar sabulun wanke-wanke. "Ga shi, har shi nis sawo. Yac ce shi ka cire shi."

Allah ya isa tsakanin Lirwanu da mai shagon nan na Sakkwato, mutumin da ko sunansa bai sani ba.

Hajara ta ja benci zuwa inuwar dalbejiya, ta kaɗe shi da gefen hijabi, ta zauna ta harɗe ƙafa.

"Hwara. Ina kallo, ni ma in koya."

Ya zuba sabulu a bokiti. Sabulun ya wuce ƙima, kumfa ta taso ta zubo ƙasa. Wayarsa na aljihu, amma idon Hajara na kansa, ba halin ko danna wa Malam Halilu kira ɗaya.

Ya fara daga gaba, don gaban ba shi da laifi. Ya wanke murfin inji, ya ɗauraye, ya sake wankewa. Ya bi fitilu ɗaya bayan ɗaya kamar mai yi wa jariri wanka. Fatansa ɗaya, a kira sallar azahar ko wani ya kira ta a waya, ta tashi ta ba shi minti goma. Minti goma kawai yake nema.

Kuma kada ku ɗauka bai san abin da yake yi ba. Ya sani. Yana da shekara goma sha biyar ranar da aka fito da yaron nan a nannaɗe, shi ya riƙe wa Malam Halilu takalmi a maƙabarta. Amma shi wannan Halilun ne ya ɗauko shi daga ƙauye ya riƙe shi kamar ƙanin ciki ɗaya, ya koya masa sana'a, ya tsaya masa a aure. Ranar da ya zo masa da hawaye ya ce ka rufa min asiri, Lirwanu bai iya cewa a'a ba. Tun daga ranar bai ƙara cin tuwon gidan yayarsa da daɗi ba.

"Kai, gaban ga ya wanku tun ɗazu," in ji Hajara. "Mi kaka nema cikinai?"

"Sai an bi a hankali, Yaya."

"Koma baya."

"Bari in gama ƙohohi."

"Lirwanu."

Ya ɗago.

"Tun da niz zo, sau ukku kana kai bayan motar ga kana dawowa. Koma baya nic ce."

Ya ja bokitin zuwa baya kamar an ɗaura masa dutse a ƙafa. Ya tsoma soso, ya ɗora a kan murfin but, ya goga a hankali.

Kumfar ta fito fara, ta koma toka-toka, ta koma baƙa. Baƙin ruwa ya gangaro ta kan lamba ya ɗiga ƙasa.

"Ɗauraye."

Ya ɗauki tiyo ya watsa ruwa.

Shi ke nan. Abin da aka yi wata biyar ana binnewa ya fito a rana tsaka. Tun daga leɓen but har kan bamba, zane ne fari fat, dogaye da gajeru, wasu sun ci fenti har ƙarfe na leƙowa, kamar inda kaji suka yi tono.

Hajara ta taso. Ba ta yi sauri ba, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro. Ta tsaya a gefensa, ta sa ɗan yatsa ta bi zane ɗaya daga farkonsa har ƙarshe.

"Mi ya yi wanga?"

"Buhu ne, Yaya. Wurin ɗorawa da saukewa..."

"Buhun mi?"

"Ge... gero."

"Gero."

Ta maimaita kalmar a hankali. Ta sa farce a cikin wani zane mai zurfi ta ƙwaƙulo. Wani gari ya fito a bakin farcen, ja-ja da ratsin toka. Ta murza shi tsakanin yatsu biyu, ta daɗe tana kallo.

"Ni ɗiyar manomi ta, Lirwanu. Uba guda ya haihe mu. Na ɗauki gero bisa kai, na daka shi, na sheƙe shi. Yaushe gero ya hwara cin ƙarhe?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wanga garin kau na san shi. Cikin turmina anka daka shi. Dube ni."

Ya kasa.

"Dube ni nic ce!"

"Salamu alaikum, an gama ko?"

Malam Halilu ne, ya ɓullo ta gefen masu faci, ledar mangwaro a hannu, yana ta fara'arsa. Ya ga matarsa. Ya ga farar kwalba a kan benci. Ya ga bayan motar. Fara'ar ta ɗauke kamar an ɗauke wuta, ledar ta suɓuce, mangwaro suka gangara cikin baƙin ruwa.

Babu wanda ya amsa sallamar.

"Hajara, mi ya kawo ki nan?"

"Gyaran mota niz zo yi maka, Baban Sa'adatu. Ka ga kau ta gyaru."

Ya juya ga Lirwanu, ido jajir.

"Kai kuma, haka munka yi da kai?"

"Kar ka taɓa shi," in ji Hajara. "Shi nashi na nan tahe. Da kai nika magana. Ina kaka zuwa ran Talata da ran Asabar?"

"Mu je gida mu yi magana. Mutane na kallo."

"Su kalla. Ina kaka zuwa?"

Halilu ya cire hula ya share goshi. Mutum ne mai jiki da kwarjini, amma a lokacin nan sai ya koma ƙarami a idon Lirwanu, har tausayinsa ya kama shi.

"Sunke," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba."

"Sunke nika zuwa. Ina kai masu dutse wurin injin niƙa, Anka."

Hajara ta dafa motar. Ba ta yi ihu ba, ba ta ɗora hannu a ka ba. Hawaye ne kawai suka zubo, ba ta ko share su ba.

"Ka dahwa Alƙur'ani."

"Na dahwa."

"Gabana kad dahwa, ɗakin da yaron ya cika ko share shi ba a yi ba."

"Hajara, ki saurare ni don Allah. Damina biyu ban taka gonata ba, kin san dalili, kowa ya sani. Hanyar ba ta biyuwa. Hatsin da nika cewa ina saye, wa ya noma shi balle in saye? In zauna in zuba maku ido? Na yi kahhwara, na yi azumi ukku. Kuma wallahi na yi hattara. Ko tsakuwa guda ban taɓa shigowa da ita gida ba. Tuhwahin aiki daban na, can nika barin su. Sai na yi wanka Anka kahin in kamo hanya."

"Ka yi hattara."

"Wallahi na yi."

"Motar ga fa? Ita ma wanka taka yi Anka? Wagga motar da Sa'adatu ka cin biskit cikinta, in ya hwaɗi ta ɗauka ta mai da baki?"

"Ba ta shiga but ai."

"Ƙura tana neman izini kahin ta shiga?"

Halilu ya mai da hularsa kai.

Hajara ta matso kusa da shi. Muryarta ta sauka har sai da Lirwanu ya kasa kunne.

"Shekara goma sha biyar ban kira sunan yaron nan ba. Da ina kunya don ɗan hwari na, daga baya bakina ya kasa. Yau zan kira shi. Mujahid. Mujahid, Halilu. Bisa cinyata yaka sanƙarewa, ido na juyewa, ina kiran Inna tana kiran Allah. Ka manta da anka zo da shebur anka kankare ƙasar gidanmu duka, anka kwashe ta a buhu awa kashi? Ƙasar da yaka rarrahe bisanta?"

Ba a taɓa jin ta kama sunan mijinta a bainar jama'a ba sai yau. Masu facin da ke leƙe suka sunkuyar da kai, kowa ya kama tayarsa.

"Ban manta ba," in ji Halilu.

"Ba ni makulli."

"Hajara..."

"Makulli."

Ya waiga ga Lirwanu, don a hannunsa yake. Lirwanu ya ciro shi daga aljihu ya miƙa mata, bai yarda sun haɗa ido da kowa ba.

Ta buɗe but.

Ciki fes. Kafet ɗin da ke shimfiɗe baƙi wuluk, ko ɗigon ƙura babu, har ƙamshin sabulu yake yi. Halilu ya saki ajiyar zuciya, ya samu abin kamawa.

"Kin gani? Kin gani da idonki? Na ce maki na yi hattara. Duk dawowar da zan yi sai Lirwanu ya cire kahet ɗin ga ya kaɗe shi, ya wanke shi tas. Ba abin da ka isa gare ku."

Hajara ta kama gefen kafet ɗin ta ɗaga. A ƙasa, cikin ramin da ake ajiye taya, garin nan ja-ja ya kwanta a kowane lungu, ya yi kauri har ana iya rubutu a kai. Ta dube shi, ta saki kafet ɗin ya koma.

Lirwanu ya zaci kan mijinta za ta koma. Sai ya ga ta tsaya cak, hannunta na kan kafet, tana shafa shi a hankali. Fuskarta ta sauya. Fushin ya tafi, wani abu ya maye gurbinsa, kuma abin nan tsoro ne.

Ta juyo gare shi.

"Kai ka wanke wanga?"

"Ni ne, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun... tun hwarko. Wata biyar."

Ta dubi filin wankin, ta dubi kwatar da ruwa ke bi, ta dubi igiyar da yake shanya tsummoki.

"Nan kaka kaɗe shi?"

"A'a."

"Ina?"

Shi a ransa ma yana ganin wannan ne wuri ɗaya da ya yi dabara, shi ya sa ya amsa da saurinsa.

"Ai nan ba shi yiwuwa. Rabin masu zuwa nan sun san garin ga da ido, kahin la'asar magana ta iske ki. Naɗe shi nika yi, in ɗaura ga mashin in kai gida."

"Gida."

"Eh. In buga shi ga bango, ƙurar ta hita, sannan in wanke bakin rijiya."

"Ina kaka shanya shi?"

"Tsakar gi..."



Sai yanzu ya gani. Ya ga tsakar gidansa, ya ga kafet ɗin a shimfiɗe a ƙasa, ya ga matarsa Zaliha tana ɗora 'yarsu Zulai a kai don ya fi tabarma laushi. Zulai mai wata goma sha ɗaya, wadda ta fara rarrafe, wadda duk abin da hannunta ya taɓa sai ya je baki. Ya ga gindin bangon da yake bugun kafet, inda take zama tana damƙar ƙasa.

Tiyo ya faɗi daga hannunsa, ruwa na ta kwarara kan ƙafarsa bai ji ba.

Hajara ta kama shi ta kafaɗu biyu ta girgiza.

"Ƙaƙa yarinyar take? Lirwanu! Ƙaƙa Zulai take kwanan ga?"

"La... lahiyarta lau. Ɗan amai dai taka yi."

"Tun yaushe?"

"Kwana huɗu. Ba ta son nono, ga kuka, ga yawan kwana. Amma ba komi na ba, Yaya. Zaliha ta ce haƙori na."

Malam Halilu ya zame ya zauna daɓas a cikin ruwan.

Hajara ta saki kafaɗun ƙaninta. Da ƙyar maganar ta fito.

"Mu ma haƙori munka ce."